Iri Ba a Rumbu Kaɗai Yake Ba

Ɗana, a daminar da ta wuce na tsaya bakin wata gonar wake, kan hanyar da ta fita Issawane ta nufi Mayahi, ina kallon wani saurayi tsaranka yana feshi. Famfo a bayansa, singileti a jikinsa, silifa a ƙafarsa. Murfin tankin bai rufu da kyau ba, ruwan magani na tsiyaya ta gadon bayansa yana gangarawa cikin wando. Da bakin famfon ya toshe, sai ya kwance shi ya sa a baki ya hura. Na yi masa sannu da aiki, na tambaye shi ko jikinsa ba ya yi masa zafi. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai na saba. In na gama zan sha nono, shi ke nan ya wanke." Da hira ta yi hira ya gaya mini an sa ranar aurensa bayan kaka.

Ban yi masa faɗa ba, don ba ni da bakin yi. A shekarar fara ta 1988 ni ma haka na yi, ina matashin malamin gona. Mun kaɗa hodar magani da hannu har girarmu ta yi fari, mun ci tuwo ba mu wanke hannu da sabulu ba, muna ganin jarumta ce. Abin da muke tsoro kawai shi ne mutum ya faɗi nan take yana kumfa. In bai faɗi ba, to ya tsira. Shekaru da yawa bayan nan na fahimci cewa akwai wata ɓarnar da ba ta kayar da mutum a gona, sai dai ta bi shi gida a natse, ta jira shi a ɗakin aurensa.

Kai ɗan manomi ne, ba sai na koya maka darajar iri ba. Ka ga yadda mahaifinka ke zaɓen zangarniyar da ta fi cika tun a gona, ya ɗaure ta dabam, ya ajiye inda danshi da gara ba za su kai ba. Ka ga shekarar da hatsi ya ƙare tun kafin bazara, aka ci tafasa da ganyen jiga, amma ba a taɓa damin iri ba. Kowa ya yarda cewa gona komai kyanta ba ta gyara mugun iri. To me ya sa in aka zo maganar haihuwa muke mance wannan? Gida ya shekara uku babu goyo, ko ciki ya riƙa zubewa, sai a ce gonar ce ba ta da kyau. Matar ce za ta sha jiƙo da saiwa, ita za a kai wurin malam da boka, ita za a kira juya, ita za a yi wa kishiya. Mijin kuwa ba mai ɗaga ido ya dube shi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa, akwai hannun matsalar namiji a ciki. Laifi tudu ne.

Ga yadda Allah ya tsara jikinka. Mace da ƙwayayen haihuwarta ake haifarta. Kai kuwa tun daga balaga jikinka ke ƙera nasa kullum ba hutu, kuma kowace ƙwayar maniyyi tana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta nuna, sannan ta ƙara ƴan kwanaki kafin ta fito. A ce wata uku. Duk abin da ya shiga jininka a cikin watannin nan, yana zagayawa ne kusa da irin da ake cikin ƙerawa. Yanzu ka yi lissafi da kanka. Feshin wake yana kamawa ne lokacin fure, wajen Agusta da Satumba. Bukukuwan aure kuma suna yawaita in an kai amfani gida, kuɗi sun shigo hannu. Irin da ango zai shiga ɗaki da shi a Nuwamba, shi ne wanda aka ƙera sa'ad da famfo ke yoyo a bayansa.

Kada ka ɗauka tsoratarwar tsofaffi ce. A 1977, a wani gari da ake kira Lathrop a jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikatan wata masana'antar maganin tsutsar ƙasa mai suna DBCP suka lura a hirarsu ta cin abinci cewa an daɗe ba a yi suna a gidan kowa a sashensu ba. Dukansu majiya ƙarfi ne, ba mai ciwon komai, ba wanda ya kasa kusantar iyalinsa. Da aka auna su, 14 cikin 25 ko dai babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu, ko kuma ta yi ƙaranci ƙwarai. Abin takaicin shi ne tun 1961 an buga binciken da ya nuna maganin yana shanye marainan dabbobin gwaji. Amurka ta hana amfani da shi a kusan duk gonakinta a 1979, amma an ci gaba da zuba shi a gonakin ayaba na ƙasashen talakawa. Dubban leburori a Kosta Rika da Nikaraguwa sun kai ƙara kotu kan sun rasa haihuwa, har da wasu daga Kwaddibuwa, inda ƴan'uwanmu ke zuwa bida. Abin da nake so ka riƙe a labarin nan guda ne: ƙarfin namiji dabam, lafiyar irinsa dabam. Samarinmu da yawa sun haɗa biyun, shi ya sa ko a mafarki ba sa zargin kansu.

Wannan ya tsaya a kan uban. Akwai wanda ke tsallakawa ya taɓa ƴaƴa. Ranar 10 ga Yuli 1976 wata masana'anta ta yi bindiga kusa da garin Seveso a Italiya, hayaƙin wata guba da ake kira dayoksin ya sauka kan gidaje da gonaki. Likitocin wurin suka yi hikima, suka ɗebi jinin mutane suka adana, suka yi ta bin rayuwarsu. A 2000 suka bayyana cewa mazan da gubar ta yi yawa a jininsu sun fi haihuwar mata a kan maza fiye da yadda aka saba gani, kuma abin ya fi fitowa ga waɗanda ba su kai shekara 19 ba lokacin da hayaƙin ya same su. Yawan gubar a jinin uwa bai nuna haka ba, na uba ne ya nuna. Kada ka fahimce ni a karkace, ɗiya mace ba asara ba ce, ni kaina ƴaƴana mata ne ke riƙe da ni yau. Abin lura shi ne hayaƙin da yaro ya shaƙa yana ɗan shekara 15 ya kai hannu cikin cikin da matarsa za ta ɗauka bayan shekara goma ko fiye. A Amurka kuma, gwamnati ta amince tun 1996 ta riƙa biyan diyya ga ƴaƴan sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam, inda aka yi feshin maganin kashe daji mai ɗauke da wannan gubar, in an haife su da wata tawayar ƙashin baya.

Ta yaya abin da ya shiga jikin uba zai isa ga wanda ba a ko yi cikinsa ba? Ka tuna allonka. Akwai baƙi, akwai wasali. Baƙaƙen nan ɗaya ne, amma in aka ɗauke wasali daga sama aka mayar ƙasa, karatu ya sauya, ma'ana ta sauya. Ƙwayar maniyyi tana ɗauke da rubutun halittar da uba zai ba ɗansa, kuma a kan rubutun akwai ƴan alamomi masu gaya wa jiki wane wuri za a karanta, wane za a tsallake, da yaushe. Wasu gubobi suna kankare baƙin kansa. Wasu kuwa ba sa taɓa baƙi, wasalin suke gusarwa. A 2005 Michael Skinner da abokan aikinsa a wata jami'a ta jihar Washington suka ba ɓeraye masu ciki wani maganin feshin gona. Ƴaƴan maza suka tashi da raunin maniyyi. Ba a sake ba kowa maganin ba, amma raunin ya bayyana a jikoki, ya bayyana a tattaɓa-kunne, har zuriya huɗu, kuma ta wajen maza yake bi. Gaskiya ce ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da aka ɗura musu ya fi wanda manomi ke gamuwa da shi. Amma a nan Afirka ma an duba mutane. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, inda ake fesa DDT a bangon ɗaki saboda sauro, an auna samari sama da 300 a wani bincike na 2007, aka ga waɗanda maganin ya fi yawa a jininsu maniyyinsu ya fi rauni. A 2024 wani binciken ya nuna cewa wasulan nan na ƙwayar maniyyin mazan yankin sun gusa gwargwadon yawan maganin a jikinsu, a wuraren da suka shafi ginuwar ɗan tayi. Muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ashe gadon ba gona da garke kaɗai ba ne.

Yanzu mu dawo kasuwarmu. Ka je Tasawa ko Mayahi ranar kasuwa ka dubi teburin mai maganin ƙwari. Kwalabe a jere cikin rana, wasu an juye su a robar lemo babu ko takarda, wasu da rubutun Ingilishi wanda ko ɗan lakkol namu ba ya karantawa, don ta kan iyaka suka shigo. Ƙasashen Sahel suna da kwamitinsu na tantance magungunan gona, CSP, ƙarƙashin CILSS, wanda ke aiki tun 1994. Shi ya hana endosulfan a 2007, ya hana paraquat a 2011. Amma hani a takarda dabam, tebur a kasuwa dabam. RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ta sha zagaya kasuwanni tana ƙirga, tana samun cewa mafi yawan abin da ake sayarwa bai bi ta hannun kwamitin ba. Kwalbar maganin nan da ake kira piya-piya kuwa ta zama kamar gishiri a gidajenmu: a gona ita, a buhun wake ita, a ɗakin kwana saboda sauro da kuɗin cizo ita, a rufe ƙofa a kwanta cikin warinta. Na san dalili, araha ce kuma tana kashewa nan take. To araha ba ta ado. Kafin ka sayi kwalba, ka nuna wa malamin gona ko birgadiyen feshi na garinku, ka tambaya ko tana da lambar CSP. Wadda ba ta da takarda ko kaɗan, ka bar wa mai ita.

Ban ce ka bar feshi ba. Wanda ya taɓa ganin tsutsa ta cinye furen wake cikin kwana uku ba zai faɗi haka ba. Yadda za a yi shi ne zancen. Fata ba katanga ba ce, tana sha, kuma ba ko'ina take sha daidai ba. An taɓa gwadawa da wani maganin ƙwari, aka ga fatar maraina tana shan kusan ninki goma sha biyu na abin da fatar hannu ke sha. Ka tuna saurayin can da wandonsa jiƙe. Saboda haka gyaran murfin tanki da tiyo shi ne farko, tun kafin maganar takunkumi. Ka ware riga mai dogon hannu da wando mai kauri na feshi kaɗai, da takalmi rufaffe, da safar hannu ta roba. Ka dama da kara, ba da hannu ba. Bakin famfo in ya toshe, tsinke ne maganinsa. Ka fita da sanyin safiya ko da la'asar, ka ba iska baya. Kada goro ko taba ko fura su shiga bakinka sai ka yi wanka da sabulu, kuma wankan nan kafin ka shiga gida ka ɗauki yaro. Kayan feshin ka wanke su da kanka a keɓe, kada ka jefa wa mai ciki ta haɗa da zanen goyo. Kwalba in ta ƙare a huda ta, kada ta zama ta man gyaɗa ko butar alwala, don na ga duka biyun da idona. Nono kuwa abinci ne mai kyau, amma ba ya wanke guba daga jini, ko ka shanye ƙwarya guda.

Akwai kuma wuraren da maganin bai zama dole ba sam. Ajiyar wake ce babba. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken INRAN na Maraɗi ne suka yi aikinsa tare, a nan ƙasarmu aka gwada shi. In ka ɗaure ledojin biyu na ciki da kyau, ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba ɗigon magani. Su dai mutanen INRAN ɗin suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro da ake sakewa a gonakin hatsi yana kashe murzuna. Ƴaƴan bedi da ke zuba banza a ƙofar gidanku, in aka daka aka jiƙa aka tace, suna rage ƙwari da yawa. Ba su da saurin kwalba, na yarda. Amma duk feshin da ka rage, ka rage wa jikinka ne.

Sai maganar bida, wadda ta fi damuna. Tun da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, sannan daga baya a wajen Ɗan Issa, samarin yankin nan ba su zauna ba. Ba zan hana ka neman na kanka ba, rani yana da tsawo kuma gona ba ta cika ciyar da gida wata goma sha biyu. Amma ka san abin da ya faru a Zamfara a 2010, nan maƙwabtanmu. Maza suka riƙa kawo duwatsun zinariya gida ana niƙawa a tsakar gida, ba su san akwai dalma a ciki ba. A ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Ƴargalma yara sama da 400 suka rasu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema wa yaran. Rashin sani ya fi dare duhu. Dalma ba ta tsaya ga yara ba, an daɗe da sanin tana rage yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarinsu, kuma in ta shiga tana maƙalewa a ƙashi shekara da shekaru, ba ta bin lissafin wata ukun da na yi maka. Zaiba da ake ƙonawa don a ware zinariya, tururinta ake shaƙa, ba ya da wari balle ya gargaɗe ka. In ka je, kada ka ƙona ta inda ake kwana ko ake girki, kada ka tsaya kanta, kuma kayan da ka yi aiki da su kada su biyo ka gida a jaka.

Ko ba ka je ko'ina ba, ga ɗan ruwa-ruwa yana zuƙo fetur da baki ta tiyo sau ashirin a yini. Ga mai fasa tsohon batir yana narka dalmarsa a bayan shago. Ga mu duka muna hura wuta da leda, muna ƙona bola da roba a bakin gida, alhali irin hayaƙin nan yana fitar da dangin gubar da ta sauka a Seveso, ko da kaɗan-kaɗan ne. Taba sigari ma tana lalata rubutun da ke cikin maniyyi, wannan kam ba gardama a kansa. Ɗaya-ɗaya ba su da ban tsoro, amma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Ke kuma ƴata, in wannan takarda ta zo hannunki, kina da haƙƙi a ciki. Ki ajiye wa maigida ruwa da sabulu a zaure ranar feshi. Kada ki yarda a ajiye kwalba a ɗakin da kike kwana da yara. In kina da ciki ki nisanci gonar da aka fesa, domin ɗan da ke cikinki, in namiji ne, a nan ake aza harsashin nasa irin. Kuma in haihuwa ta yi jinkiri, kada ki ɗauki laifin ki aza a kanki tun ba a auna kowa ba.

Na san za a ce haihuwa ta Allah ce. Haka ne, ba mai ja. Ruwan sama ma na Allah ne, amma ban taɓa ganin wanda ya bar irinsa a bakin gara ya ce ya yi tawakkali ba. Saboda haka, ɗana, in kun shekara da aure kuna tare ba labari, ko ɓari ya maimaitu, ku tafi likita ku biyu. Daga nan za a iya tura ku Maraɗi. Awon namiji ya fi na mace sauƙi nesa ba kusa ba, ba allura, ba fiɗa. Ka gaya wa likita sana'arka dalla-dalla, irin maganin da kake fesawa da shekarun da ka yi kana yi. Sau da yawa in mutum ya nisanci abin ƴan watanni, sabon irin da jiki ya ƙera yakan fito da kyau fiye da na da. Jin kunyar awon nan ya rusa gidaje fiye da yadda kake zato.

Akwai wani abokin aikina da muka yi yaƙin fara tare, ya fi mu duka ƙwazo, shi ke buɗe ganga, shi ke damawa. Ya yi aure shekara guda da ni. Bayan shekara biyar ba haihuwa, danginsa suka matsa, ya saki matar. Ya auri ta biyu, ya ƙara ta uku. Sai da furfura ta fara fito masa wani likita ya lallashe shi aka auna shi, aka ce matsalar daga gare shi take. Ya zo gidana da dare da takardar a aljihu, muka zauna a tabarma har aka yi kiran assalatu bai ce komai mai tsawo ba. Matarsa ta fari ta yi aure a wani ƙauye wajen Kanambakashe. Duk ranar kasuwa takan wuce ta ƙofar gidansa a amalanke, babban ɗanta ne ke kora shanun.